Wa Ya Yi Lamba Uku?

Daren da za a wayi gari a miƙa jingar lissafi ko ta fiziks, zauren WhatsApp na 'yan ajin farko a jami'a yakan koma tamkar tashar mota ana gobe salla. Kowa taimako yake nema, sai dai kalmar ce ɗaya, abin da ake nufi da ita kala-kala ne. Hanya mafi sauƙi ta gane mai nema ita ce a dubi abin da ya riƙo a hannu sa'ad da ya zo. A ganina taimako ba ya kama jikin kowa sai wanda ya riga ya gwada ya maƙale, domin malami da aboki da na'ura duk ba su iya cire ƙaya daga ƙafar da ba ta taka ƙasa ba.

Na farko a layi shi ne Ɗan Turo-mini. Mako biyu aka ba shi, amma sai ƙarfe 11 na daren ƙarshe yake tunawa. Zai ɗauki hoton tambayar a karkace, babban yatsansa ya rufe rabinta, ya rubuta: "Salam 'yan'uwa, don girman Allah wa ya yi lamba uku?" In wani bawan Allah ya fara yi masa bayani, sai ya katse shi: "Malam, kai dai turo, bayanin sai bayan an miƙa." Wannan bayan kuwa har a gama digiri ba ya zuwa. Tagwayensa shi ne Magatakarda, mutum mai amana wajen kwafi, wanda ba ya ƙari ba ya ragi. A ce an tambayi yadda akwati zai zame a kan gangare mai kusurwar digiri 30. Wanda ya fara yin lissafin ya manta kalkuletarsa tana kan radiyan, sai ta ba shi -0.988 a inda ya kamata ya ga 0.5. Washegari malami zai tarar da takardu arba'in sun yi ittifaƙi cewa akwatin yana hawa tudu da kansa, babu mai turawa. Wani Magatakardan ma don tsabar amana har suna da lambar rajistar mai takardar yake haɗawa. Abin dariya ne, amma an auna kuɗinsa. A binciken da David Pritchard da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 kan ɗaliban fiziks na jami'ar MIT ta Amurka, waɗanda suka kwafi fiye da kashi 30 cikin 100 na jingarsu sun ninka sauran fiye da sau uku wajen faɗuwa. A nan gida ma lissafin a fili yake: gwaje-gwajen zango kashi 30 ko 40 suke ci, ragowar yana zauren jarrabawa, inda babu wanda za a ce wa turo.

Sai Maharbin Fomula. Shi tambayarsa guda ce tun daga farkon zango har ƙarshensa: "Wace fomula za a sa?" Ba ya karanta labarin da ke cikin tambaya, harufa yake farauta. Da ya ga T a tambaya, ya ga T a bayan littafi, an ɗaura aure. Matsalar ita ce T ɗin nan mai sunaye da yawa ne: a wani babi ƙarfin jan igiya ne, a wani lokacin da lilo ke ɗauka ya je ya dawo, a wani kuma zafi. Ta haka ake samun igiyar da ta ja guga da ƙarfin daƙiƙa biyu. In ka ce masa ya fara zana hoton abin, ya nuna ƙarfin da ke ja da wanda ke turawa, sai ya dube ka kamar ka ce ya je kasuwar Sabon Gari da ƙafa alhali ga mota. George Pólya, masanin lissafi ɗan ƙasar Hangare, ya jera matakai huɗu a littafinsa na 1945 kan warware tambaya: fahimtar tambayar, tsara dabara, aiwatar da ita, sannan waiwaye. Maharbi daga na uku yake farawa, a nan kuma yake sallama.

Wanda ya fi ba da tausayi shi ne Malam Na-gane. Ba ya fashin lakca, ba ya fashin darasin bita, kansa na gyaɗawa kamar na ƙadangare a kan katanga. A wayarsa akwai littafin Halliday da Resnick, akwai na Stroud, akwai jerin littattafan Schaum, da bidiyo sun fi ɗari, duk a killace kamar kayan ɗakin amarya. Yana kallon mai bidiyo yana warware tambaya, kowane layi na bin na gabansa sumul, sai ya ji a ransa shi ma ya iya. Ranar da aka ajiye masa farar takarda sai alƙalami ya ƙi motsi, ya rantse asiri aka yi masa. Gani ba ci ba ne, kuma kallon mai iyo daga bakin rafi bai taɓa ƙetarar da kowa ba. Ƙanensa na zamani shi ne Almajirin Na'ura, wanda tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 ya sami shehin da ba ya barci, ba ya tsawa, ba ya cewa a dawo gobe. Shehin yakan yi daidai, yakan kuma yi kuskure da murya ɗaya tak mai cike da tabbaci, almajirin kuwa ba shi da ma'aunin da zai bambance. A ɗaya gefen akwai Mai Kunya, wanda zai kwana uku a kan tambaya ɗaya saboda alamar ragi guda da ya yar a layi na biyu, don kada a ce bai iya ba. Shi ya gwada, ya maƙale, taimakon minti biyu zai fisshe shi, amma ya manta matambayi ba ya ɓata.

Masu ba da taimakon ma ba a bar su a baya ba. Akwai Farfesan Aji, wanda ke tsallake layi biyar ya ce "ai wannan a bayyane yake", ya bar mai tambaya da sabon ciwo a kan tsoho. Akwai Mai Ƙwace Biro, wanda kafin ka rufe baki ya fizge takardar, ya warware, ya miƙo yana murmushi. Shi ya ƙara ƙwarewa, kai ka ƙara takarda.

Za a ce wannan hukunci ya yi tsauri, kuma masu cewa haka suna da hujja. Ajin farko a manyan jami'o'inmu yakan tara ɗaruruwa a zaure ɗaya, malami guda ba zai iya duba inda kowa ya maƙale ba, wuta ba tabbas, ga yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022 wanda ke sa a cusa karatun zango cikin 'yan makonni. Duk gaskiya ne. Amma ƙarancin lokaci ai dalili ne na tattalinsa. Wanda ya zo da tambayar "ga inda na tsaya" minti biyar ya ishe shi, wanda ya zo hannu rabbana sai an yi masa lakcar daga farko. Za a kuma ce duba amsar da aka riga aka warware hanyar koyo ce. Wannan ma haka ne, har John Sweller da abokin aikinsa sun nuna a 1985 cewa masu fara koyon aljabara sun fi amfana da nazarin warwararrun misalai. Sai dai nazari suka ce. Mai nazari yakan tambayi kansa dalilin kowane layi, ya rufe littafin, ya sake yi da kansa. Magatakarda kuwa idonsa da hannunsa ne ke aiki, ƙwaƙwalwa tana hutu. Hujja ta uku ita ce ai na'ura ce za ta yi lissafin a wurin aiki. To amma a watan Satumba na 1999 kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA ya salwanta a duniyar Mars, saboda wani ɓangare na ma'aikata ya ba da alƙaluma da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma yana ɗaukarsu a ma'aunin niyuton. Na'urorin sun yi lissafin da aka ba su. Wanda zai dubi amsa ya ce "anya kuwa?" shi ake buƙata a wurin aiki, kuma irin wannan ido a kan jinga ake wasa shi, tun daga ranar da mutum ya ƙi yarda akwati zai hau tudu da kansa.

Saura mutum ɗaya a layin, kuma shi ne ba a cika lura da shi ba saboda ba ya cika zaure da roƙo. A kira shi Mai Dattin Takarda. Yakan zo da shafi duk karce-karce, ga zanen gangare har uku, biyu an soke, ya ɗora yatsa a wuri guda ya ce: "Yaya, na kawo nan, amsata ta fito da ragi, kuma na san bai kamata ba. Ina na kauce?" Wannan ko Farfesan Aji ya tambaya dole ya sauko, ko na'ura ya tambaya yana da abin da zai gwada amsarta da shi. Sau da yawa ma yana cikin karanta wa mai taimakon abin da ya rubuta sai ya tsaya cak, ya dafe goshi, ya jawo kalkuletarsa ya mayar da ita kan digiri, ya yi godiya ya tafi, alhali ba a ce masa komai ba.