Waɗanda Za Su Fara Zuwa In Ka Ce Za Ka Kafa Sikawut

Duk wanda ya yi niyyar tara samari ya kafa musu ƙungiyar sikawut a Ikara, Maƙarfi ko Kudan yakan zaci wahalarsa tana wajen yara. Ina! Busa usur sau ɗaya bayan la'asar, filin firamare ya cika. Manya su ne aikin, kuma ga waɗanda ba sa fashin taron farko.

Tsohon hannu. Malamin makaranta ne mai ritaya, ya yi sikawut tun yana ɗalibi a Zariya. Zai zo cikin kakinsa na wancan zamani, maɓallan ciki uku sun ƙi rufuwa. An ba shi minti biyar ya sa albarka, sai ya faro daga 1907, lokacin da Baden-Powell ya kwashi yara 20 zuwa tsibirin Brownsea a Ingila, ya gangaro 1915 da abin ya shigo Najeriya ta Legas. Kafin labarin ya ƙetare Kwara an kira magariba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma shi kaɗai ya san yadda ake rajista da uwar ƙungiya ta ƙasa. Sai dai mako mai zuwa ma daga 1907 zai faro.

Kwamanda. Babu wanda ya naɗa shi. Ya sha bin layin ɗaukar soja Allah bai nufa ba, yanzu ga runduna ta zo masa har gida. Yana da usur biyu, baƙin tabarau da takalmin da ya fi ƙafarsa. A wurinsa sikawut fareti ne da tsallen kwaɗo. Ka ce masa yau za a koyi ɗaure rauni, sai ya ce, "Malam, bari su ji raunin tukuna." Ran da kare ya ratso fili, shi ya fara kaiwa katanga.

Mai hatimi. Yaro ko ɗaya bai yi rajista ba, amma shi ya riga ya yanko hatimi, ya bugo takarda mai tambari, ya tsara muƙamai: ciyaman, mataimaki na ɗaya da na biyu, sakataren kuɗi, jami'in walwala, uban ƙungiya. Babbar damuwarsa inda za a sa hedikwata. In aka ce Maƙarfi, mutanen Hunƙuyi za su ce an raina su. In aka ce Hunƙuyi, na Ikara za su tambayi wa zai biya kuɗin mota. Za a yi zama uku a kan wannan, alhali dukiyar ƙungiyar igiya ce guda da tuta.

Honarabul. Bai ci zaɓe ba tukuna, amma sunan ya riga ya zauna. Ya dubi samari arba'in a jere, a zuciyarsa yana lissafin nawa ne za su cika 18 kafin zaɓe mai zuwa. Ya yi alkawarin kaki ga kowa. Bayan wata biyu sai ga buhun riguna ya iso, kowace da hotonsa a ƙirji. Ka gode masa, ka raba wa yara su riƙa zuwa gona da su.

Baba mai bincike. Wannan ya cancanci a shimfiɗa masa tabarma, don tambayoyinsa masu nauyi ne. "Ƙungiyar ta su wa ce? 'Yan agajin Izala na sani, na Fityanu na sani, na Jama'atu na sani. Ku na wane malami ne?" Ka yi bayani cewa ta kowa ce, har da yaran Kirista. Ya gyaɗa kai. "Gajeren wando fa?" Ka ce dogo za su sa. Saura kaɗan ya amince, sai tsohon hannu ya matso cike da murna ya miƙa masa hannun hagu, irin gaisuwar sikawut ta duniya. Baba ya dubi hannun, ya dubi mai hannun. Aka ce ai don hagu ya fi kusa da zuciya ne. Ya ce, "To, zuciya ta zauna inda Allah ya ajiye ta. A gidana da dama ake gaisawa." Tambayarsa ta ƙarshe ita ce ta gaskiya: ran da za a yi ban ruwan tumatir, wa zai riƙe masa injin?

Baba mai lissafi. Shi tambayarsa ɗaya ce: "Nawa ne a wata?" Da ya ji aikin sa kai ne, har yaro ne zai ɗinka kakinsa, sai ya rage murya: "Amma dai daga nan ana wucewa Kwastam ko?"

Inna. An ce za a yi zangon kwana ɗaya a filin makarantar da take hangowa daga ƙofar gida. Ta haɗa wa ɗanta ƙuli-ƙuli, garin kwaki, soyayyar miya, bargo, gidan sauro da maganin shawara. Bayan isha'i ga ƙaninsa da kwanon tuwo: "Inna ta ce ko kun fasa ku dawo gida?" Kada ka yi fushi. Tuwon nan ne zai ceci rundunar, don shinkafar da Kwamanda ya dafa ko kaji sun ƙi ta.

Su ma yaran iri-iri ne. Akwai ɗan kaki, wanda ya zo don ɗankwalin wuya da hoton Facebook. Ana gama hoto cikinsa zai fara ciwo. Akwai rigimar suna: tun a Brownsea aka raba yara rukuni huɗu da sunayen dabbobi da tsuntsaye, amma a nan kowa Zaki yake so, ba mai yarda a kira shi Kura. Sai kuma ɗan gona, wanda ba ya magana. Malam ya buɗe littafi yana fama da ƙullin igiya, ya ɗaure ya kwance, gumi na zuba. Yaron da tun yana ɗan shekara tara yake ɗaure damin rake da kwandunan tumatir a kan mota ya ce a hankali, "Malam, kawo in riƙe maka." Kafin ƙiftawar ido ya ƙulla. Shi ne kuma mai hura wuta da ashana ɗaya. Abin da yake nema a wurinka daban ne: yadda ake tsayar da jini, yadda ake karanta taswira, da yadda zai tsaya gaban hakimi ya yi magana gwiwarsa ba ta rawa.

Da damina ta kankama ko aka shiga saran rake, duk za su watse. Mai hatimi ya koma ƙungiyar manoma, Honarabul ya canza lamba, Kwamanda ya shiga 'yan sintiri. Sai mutum ɗaya: wani malamin aji da ba a sa sunansa a takarda mai tambari ba. Kowace Asabar zai jingine kekensa a gindin darbejiya, ya buɗe littafin suna, ko yara shida suka zo ya koya musu abin da aka tsara. Ya san wanda babansa ba shi da lafiya da wanda aka kora saboda kuɗin jarrabawa. In ka dace da irinsa, ƙungiya ta kafu. Amma kada ka kuskura ka ba shi muƙami. Ran da ya zama ciyaman, shi ma zama zai fara kira.