Maƙwabcin da Sai da Acaɓa

Na san halinku, mutanen Lafiya. Da an ce garinku ya bazu sai ku gyara zaman hula ku ce ai ci gaba ne. Na ji. Tun 1996 da aka yanko Nasarawa daga Filato kuka zama babban birni, bulo bai huta ba. Titin Jos ya kai ku Shabu, titin Makurdi ya cika har wajen Gandu bayan zuwan jami'ar tarayya a 2011. Wa ya musa?

To ku amsa mini, layin ƙofar gidanku a sabuwar unguwa ina ya ɓulla? Bar tarin nan, Alhaji. A katangar wani ya ƙare. Mai gona ya yanka fuloti, ya bar hanya ɗaya mai fita bakin kwalta, mai gonar kusa ma ya yi tasa, ba wanda ya tuntuɓi wani. Masu saye kuma kowa ya ɗan turo katanga, har layin da aka bar wa mota ya koma na baro. Maƙwabcin bayanka kana jin ƙamshin miyarsa, amma zuwa barkar suna sai ka hau acaɓa, ka fita babban titi, ka zagayo. Tsofaffin lungunan kewayen fada da kuke rainawa, duk murɗewarsu, wannan na miƙa ka ga wancan, yaro ya je aike da ƙafa ya dawo.

Na hango mai cewa wannan ciwon Amurka ne. Binciken da Barrington-Leigh da Millard-Ball suka fitar a 2020 ya nuna titunan da ake yi a duniya tun 1975 haɗuwarsu da juna raguwa take yi. Can Amurka da gangan suke zana layi toshe. Mu dillali ne injiniyanmu.

Gadar sama kuma? Madalla da ita, na san kun sha hoto. Sai dai cunkoson da take kwashewa daga unguwanninku ya fito, tunda ko albasa za a sayo sai an bi ta kwalta.

Ku kuma Barebari, kakanninku su Dunama sun sami hanya tun daga Barno har nan, jikoki ta gidan maƙwabci ta gagare su.