Tsohuwar Zuma a Ƙauyen Amurka

A Amurka akwai wani ɗan gari da ba ya cikin taswira, amma duk shekara sai an buga tarin littattafai a kansa. Sunansa kawai ke canzawa: Debbie Macomber ta raɗa wa nata Cedar Cove, Robyn Carr ta ce nata Virgin River. Titi ɗaya ne, gidan abinci ɗaya, coci ɗaya, sakandare ɗaya. Kamfanin Harlequin, wanda aka kafa a Winnipeg ta Kanada a 1949, ya kuma haɗiye Mills & Boon na Landan a 1971, ya daɗe yana cin abinci da irin wannan gari. 'Yan makarantar kwana na da sun san Mills & Boon ɗin nan da ake ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Labarin da ya fi kasuwa a garin kuwa shi ne na saurayi da budurwa da suka rabu bayan sakandare, sai ƙaddara ta sake haɗa su an girma. Ga mutanen da za ka tarar.

Ta farko ita ce Mai Dawowa. Ta bar garin tana 'yar shekara 18, ta rantse ko gawarta ba za ta koma ba. A birnin New York ta zama lauya ko mai tsara tufafi, tana shan kofi tana gudu. Sai kakarta ta rasu ta bar mata gadon gidan burodi da bashi ya yi wa katutu. Ta ce mako guda za ta yi, ta sayar ta juya. Duk wanda ya taɓa karanta littafi ɗaya ya san ta dawo ke nan. Motarta kan mutu daidai allon sunan garin, ita kuma da takalmi mai tsini a cikin taɓo.

Wa zai zo jan motar? Wanda Aka Bari. Shi ne tauraron ƙwallon makarantarsu, yanzu kafinta ne, ko likitan dabbobi, ko shugaban 'yan sandan garin. Yana da a-kori-kura, da kare, da riga mai gidan dara. Abin al'ajabi, shekara goma sha biyu sun wuce bai yi tumbi ba, sanƙo bai taɓa shi ba, ba ya bin kowa bashi kuma ba a bin sa. In ya taɓa aure, to matar ta rasu cikin mutunci, ta bar masa 'yar yarinya mai wayon manya. Maganarsa ba ta wuce kalma uku. Marubuciyar tana so mu ɗauka zurfin ciki ne. Ni dai ina zargin ba shi da abin cewa.

Sai Uwar Gari, mai gidan abincin nan. Ita ce rediyo, ita ce jarida, ita ce dillaliyar aure ba tare da kowa ya aike ta ba. Kafin Mai Dawowa ta sauke akwati, ta riga ta san dalilin zuwanta da ranar da za a ɗaura. Aikinta shi ne cika kofi da cewa, "'Yar nan, tun da kika tafi yaron can bai sake dariya ba." Akwai kuma tsohuwar sarauniyar kyau ta ajinsu, wadda aurenta ya mutu ta koma dillancin gidaje, tana harin Wanda Aka Bari. Ita wannan harara kawai ta kawo ta.

Mamaci ma yana da aiki. A wannan gari ba a mutuwa haka kawai, sai an bar wasiyyar da za ta tilasta wa mutum biyu zama a ɗaki ɗaya. A littafin Nicholas Sparks na 2011, The Best of Me, rasuwar wani tsoho mai suna Tuck ce ta dawo da Dawson da Amanda garin Oriental a Karolina ta Arewa. Shi Sparks, a yi hattara da shi, yakan haɗa masoya ne don ya sami wanda zai kashe. Sauran marubutan suna bin dokar sana'a: dole a rufe littafi ana murna.

To me ya raba su tun farko? A littattafan soyayya na Kano sau da yawa akwai dalili mai nauyi: uba ya yi rantsuwa, an ba da ita ga wani attajiri, dangi sun tsaya kai da fata. A nan kuwa wasiƙa ce ta ɓata. Uwa Mai Ɓoye Wasiƙa tana nan daram tun littafin The Notebook na 1996, kuma a fim ɗinsa na 2004 wasiƙu 365 ta danne. Zuwan wayar hannu bai rage mata ciniki ba. Har yau sai ka ga mutum biyu sun yi shekara goma suna gaba kan maganar da kiran minti biyu zai warware, a garin da ko atishawa ka yi sai Uwar Gari ta ji.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Saurayin Birni. Bawan Allah bai yi wa kowa komai ba. Yana da aiki, yana zuwa kan lokaci, ya sayi zobe, ya biya kuɗin zauren biki. Laifinsa a wurin marubuciya uku ne: yana sa kwat, yana amsa waya ana cin abinci, kuma kare yana sa shi atishawa. Shi kaɗai ne a duk littafin yake yin tambayar masu hankali, wato nawa gidan burodin nan yake kawowa a wata, kuma saboda wannan tambayar aka mai da shi mugu. Ya tuƙo mota awa shida don ya ga lafiyar amaryarsa, sai ya tarar da ita kan tsani tana fenti, wani ƙato yana riƙe mata. A fim ɗin Sweet Home Alabama na 2002, ɗan magajiyar garin New York ne sukutum. Ya kai yarinya kantin Tiffany ya ce ta zaɓi zoben da take so, ya biyo ta har Alabama, aka bar shi tsaye a wurin ɗaurin aure, uwarsa kuma ta sha naushi. Shi ko ɗaga murya bai yi ba. Babu mai tambayar wa ya biya kuɗin abincin da aka dafa.

Akan rufe da ɗan babi na bayan shekara guda: gidan burodi ya cika maƙil, Mai Dawowa da ciki, kare yana kaɗa wutsiya. A ɗaurin auren ne ƙanen ango, ɗan kwana-kwana, zai hango wata baƙuwa tana fitowa daga motar da ta mutu a bakin gari. Ajinsu ɗaya a sakandare. Littafi na biyu ke nan, kuma ango yana da ƙanne huɗu.