Angwayen Hanyar Kwangwalam

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo wa samarin ƙasar Daura. Da an watse daga biki, sai a sa amarya a gaban mota, ango ya kama sitiyari da kansa, a tsallaka iyaka a tafi shan amarci ƙasar waje, ana yada zango a ƙananan masaukan nan da ake ba ka gado da dare, a ba ka karin kumallo da safe, ka biya ka ƙara gaba. A wasu garuruwan wannan buri ne na masu hannu da shuni. Mu kuwa ƙasar waje ta fi mana Katsina kusa. Ka bi ta Mai'aduwa ka kai Kwangwalam, ko ka bi ta Baure ka ɓulla Babban Mutum, shayin filas bai huce ba ka fara ganin allon hanya da Faransanci.

In ma don gado ne, mun gada. Bayajidda ya baro Borno da amaryarsa, shi ne direba, doki ne motar. A Garun Gabas ya sauke ta saboda ciki ya yi nauyi, ya biya Gaya maƙera suka yi masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Wurin kwana akwai, amma ruwa sai Juma'a. Wani baƙon da ƙorafi zai kwana. Shi guga ya ara ya nufi rijiyar Kusugu. Jikokinsa na yau dai ba duka suka ɗauko wannan zuciya ba, sun kasu kashi-kashi.

Akwai Mai Taswira. Shi tun ba a kai lefe ba ya gama tafiyar a cikin waya. Ya rubuta a takarda: ƙarfe bakwai tashi, sai Ɗan Barto, sai Matamaye, Kance, Takeita, kafin azahar ana hoto a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Ya haddace cewa garin ne hedikwatar Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926, domin ya burge amarya a hanya. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne layin wayarsa ɗan kishin ƙasa ne, da an wuce shinge sai ya ɗauke. Baturiyar nan ta cikin waya da ke ce masa ya karya dama ta yi gum. Tambaya kuwa ba zai yi ba, girman ango ba zai bar shi ba. A ƙarshe amarya ce za ta sauke gilashi ta ce wa mai amalanke, "Baba sannu da aiki, don Allah ina hanyar Damagaram?" Tsoho ya ɗaga sanda ya nuna inda suka baro.

Shi dai wannan ya shiga ƙasar. Mai Motar Aro ko shingen farko ba ya wucewa da daɗi. Ya karɓo Corolla ta Yaya, an wanke ta har ƙarƙashi, an fesa turare, ya tanadi fasfo da katin rigakafin shawara da inshorar ƙetare, ya manta cewa takardun mota suna ɗauke da sunan wani. Jandarma ba ya ɗaga murya, ba ya kuma gaggawa. Zai duba takarda, ya duba fuska, ya sake duba takarda. "Malam, wannan sunan wane ne?" "Na Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya." "To shi yana ina?" Daga nan sai a nuna masa benci a inuwar dogonyaro. Amarya na cikin mota jambaki na narkewa, shi yana neman inda waya za ta kama, alhali Yaya ya kashe tasa yana ramuwar barcin biki.

Mai Lissafi mutum ne mai tsoron Allah da tsoron kashe kuɗi, na biyun ya ɗan fi ƙarfi. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 ba ya taka totur sai ya yi istigfari. Ya ɗura jarka biyu ya ɓoye a but ƙarƙashin akwatin amarya, ga shi a hanyar da kowane jami'in kwastam ya san warin jarka tun daga nesa, sai ango ya koma yi wa mutane rantsuwa cewa shi ba ɗan sumoga ba ne. Can ciki kuma sefa ta karɓe shi. Tun 2024 jikka guda ta sefa ta haura naira dubu biyu, saboda haka ko ruwan leda aka saya sai ya juya kuɗin zuwa naira ya dafe ƙirji. Babbar jarrabawarsa ita ce ƙirgen dala. Mutanen Nijar biyar-biyar suke ƙirga, in mai kilishi ya ce "ɗari", faran ɗari biyar yake nufi. Ango sai ya yi murmushi ya miƙa ƙwandalar faran ɗari, har ya juya ya ce wa amarya, "Kin ga arha ko?" Mai kilishi ya dubi ƙwandala, ya dube shi, ya ce, "Alhaji, dala ashirin ka ba ni." A masauki kuma ba gado yake tambaya ba, karin kumallon yake bincike: ƙwai nawa ne, burodin nan dogo na mutum ɗaya ne ko na biyu, in ba a sha shayin ba za a rage kuɗi? Abin da ya saura a faranti yana naɗe shi a takarda, shi ne abincin rana.

Matan ma ba a bar su a baya ba. Amarya Mai Kaya an ce mata kwana uku za a yi, ta ji wata uku. Ga akwati saiti guda, ga kaskon turaren wuta da gawayinsa, ga humra kwalba huɗu, ga yajin da Inna ta daka, ga bokiti domin ba ta yarda da bokitin da ba ta san asalinsa ba. Motar tana tafe gindinta a ƙasa kamar wadda ta taso daga kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi. Da isa ɗaki za ta hura gawayi, hayaƙi ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, mai masauki ya rugo da bokitin ruwa yana salati. Ni dai ina bayanta. A duk motocin nan, tata ce kaɗai ba a kwana da yunwa ko da sauro.

Ƙawarta Mai Hoto ba Nijar ta zo ba, Instagram ta zo. Burinta ƙawaye su ɗauka Dubai ce. Tana yanke duk hoton da jaki ya leƙo, tana rubuta "wani wuri a duniya" a ƙasa. Sai wata 'yar ajinsu ta rubuto: "Ai wannan dutsen Birni ne, ki gaishe min da Goggo a Zango."

To ga inda maganar take, wato Goggo. Mafi yawan angwayenmu Masu Dangi ne, ko sun so ko sun ƙi. Turawa sun ja layi a takarda, amma ba su raba auratayya ba. Da wuya ka sami gida a Daura ko Zango ko Sandamu da ba shi da ɗan'uwa a Magarya ko Matamaye ko Kance. Saboda haka da ango ya furta cewa zai kama ɗaki a otal, sai Hajiyarsa ta ajiye carbi. "Otal? Da ran ƙanwar ubanka a garin? So kake a ce mun yi arziki mun yar da zumunci?" Shi ke nan, an soke masauki. Kafin su isa labari ya riga su, domin wayar Hajiya ba ta taɓa rasa layi.

Tarba kam ba a magana. An yanka zabi, an dama fura da nonon da cokali ke tsayawa a ciki, maƙwabta sun cika tsakar gida ana guɗa, ana buɗe mayafi ana cewa tubarkalla. Ango yana zaure yana amsa "ina gajiya" har muryarsa ta dushe. Dare ya yi, yana ta satar kallon ƙofar cikin gida, sai ga Goggo da fitila. "Ɗan nan, an yi maka shimfiɗa a shagon samari. Ita 'yata a ɗakina za ta kwana, ta sha hanya." Ya buɗe baki, kunya ta rufe masa shi. Wa zai dubi ƙanwar ubansa ya ce a ba shi matarsa? Haka zai kwana tsakanin ƙannensa huɗu, ɗaya na minshari, ɗaya na tambayarsa yadda ake samun gurbin karatu a jami'ar sufuri ta Daura. Da asuba ga kunun gyaɗa, ga ƙosai, ga ɗumamen tuwo, ga shayi mai kumfa, karin kumallon da babu otal ɗin da zai iya. Kuma ba a karɓar ko dala. Sai dai in an tashi tafiya ya yi wa Goggo alheri, ya yi wa kishiyarta, ya yi wa yara, ya ba mai unguwa goro, in ya haɗa ya tarar kuɗin otal na mako guda ne. Sannan a ce masa ai ba zai wuce bai gaida Kawu a ƙauye ba, kuma Kawu ma ba ya yarda baƙo ya tafi bai kwana ba. Akwai angon da zai dawo gida bayan kwana biyar, ya ƙara ƙiba, ya san dangi sittin, bai yi hira da matarsa ta minti goma ba.

Tun daga gida ma ake fara cika motar. Kalmar da ke kashe shan amarci a ƙasar nan ita ce "tunda da mota za ku". Tunda da mota za ku, ga buhun masara a kai wa Baba Ƙarami. Tunda da mota za ku, ku sauke Iya a Matamaye ta yi ta'aziyya. 'Yar rakiya kuwa ba a ma tambaya, ƙanwar amarya 'yar shekara tara tana kujerar baya tun kafin a tada mota, ta rungume ledar kayanta, idonta biyu har Damagaram, kuma duk abin da ta ji za ta maimaita shi a gida ba ragi.

Mai Ƙarin Aure nasa lissafin daban ne. Ya yi shiri a ɓoye, ya manta uwargida ta yi Islamiyya. "Malam, kwana bakwai na amarya na sani, ban yi musu ba. Amma tafiya ai ƙuri'a ake yi. Ni da aka kawo ni, ina aka kai ni? Ko rijiyar Kusugu ba ka kai ni na leƙa ba." Ƙarshenta ko a tafi su uku har da goyo, ko a fasa a sayi firji.

Wasu sun fi ƙarfin Nijar. Mai Mafarkin Ingila ya ga hotunan ƙananan gidajen ƙauyen Turawa masu ba da ɗaki da karin kumallo, ya ƙudurta zai yi hayar mota ya zaga da amarya. Bai san a hagu suke tuƙi ba, hannun da Najeriya ta bari tun 1972, bai kuma san abin da suke soyawa kusa da ƙwai da safe ba sai an yi masa bayani ya yi a'uzubillahi. Ofishin biza ne ke raba gardama. Mai Umara ya fi shi dabara, domin babu surukar da za ta hana zuwa Ɗakin Allah. Sai an ɗaura harami yake tuna cewa abin da ya kawo shi yana cikin abubuwan da harami ya hana, ga kuma Hajiya ta ce tunda Makka ce, da ita za a. Kakanninmu da suka bi ta Fallomi da Sudan a ƙasa sun fi su gaskiya: sukan tafi da amarya, su dawo bayan shekaru da 'ya'ya.

Wanda na fi tausayi shi ne Mai Jiran Lokaci. An ɗaura aurensa a Agustan 2019, a watan aka rufe iyakokin ƙasa. Ya ce bari a buɗe, sai ga korona. Ya tara kuɗi, mai ya tashi. Ya sake tarawa, sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙame iyaka har Maris na 2024. Da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 sai ya ce bari ya ga yadda takardu za su kasance. Yanzu ya ajiye maganar mota gaba ɗaya, jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi yake jira, wanda aka aza harsashinsa a 2021, tunda ta Daura zai bi. Har yau yana kiranta Amarya, tana amsawa, babban ɗansu yana firamare.

Kai ango mai shirin tafiya bana, ka tabbata takardun mota da sunanka suke, ka koyi ƙirgen dala tun a gida, ka bar jarka. Ka biya kuɗin ɗaki tun kafin Hajiya ta ji, domin asarar kuɗi ce kaɗai hujjar da take saurara. Goggo kuma ka je ka gaishe ta, wajibi ne, amma a hanyar dawowa, da hantsi, kuma kada ka kashe mota.