Ziyarar Itaciya a Yamai

Mutumin Bengu, wanda Allah Ya hore wa giginya har ba ya ƙidayar ta, idan ƙaddara ta kai shi Yamai, wajibi ne ƴan'uwa na birni su ja shi ziyara da ƙafa, da tsakar rana, domin kada ya koma gida da jahilci. A nuna masa Gadar Kennedy ta 1970. Ya jinjina kai, bai ambaci tasu ta Gaya ba, saboda ladabi. Sa'an nan a dangana da gidan tarihi na Bubu Hama, inda aka gina wa Itaciyar Tenere hubbare.

Ita wannan baiwar Allah ta rayu ita kaɗai a tsakiyar hamada har 1973, sa'ad da wani direba, duk da faɗin sahara, ya rasa inda zai bi sai ta kanta. Aka ɗauko gawar da girmamawa, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Baƙo ya tsaya, gumi na zuba, takalmi ya tsinke. Ya dubi marigayiya sama da ƙasa. Daga bisani ya tambayi ɗan rakiya, cikin natsuwa, nawa ake sayar da damin irin wannan a birni.