Ɗabi'un Masu Zaɓen Keken Tsere

Duk wanda Allah ya hore wa zama a rumfar mai gyaran keke, ya kuma ba shi basirar lura da halayen bayinsa, zai tarar cewa keken tsere, wato mai siririyar taya da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, galibi ba ya wahalar da kowa face wanda ya zaɓe shi da son zuciya, alhali maƙeransa sun ƙaddara masa awo, tun daga firam mai santimita 48 har zuwa 62, domin kowa ya sami daidai ƙafarsa.

Akwai gajere mai dogon buri, wanda ya yi itiƙadi cewa girman keke shi ne girman daraja. In mai kanti ya ce masa, "Alhaji, ai 52 ne naka," sai ya ga an ci mutuncinsa, ya nuna 60, ya biya ba tayi. Ga shi nan bisa titi, ƙugu na karkata dama da hagu don ƙafa ta riski feda, kuma ranar da akuya ta gitta ya dira ba shiri, sandar firam za ta zartar masa da hukuncin da ladabi ya hana mu bayyanawa.

Kishiyarsa dogo ne da ya tsinci ƙaramin keke ɗan kwatano, ya manta araha ba ta ado. Da gwiwa ta fara sumbatar kan keke, sai ya zaro ƙarfen sirdi har ya ƙetare layin da maƙeri ya zana na haddi, firam ya tsage.

Sai mai taƙlidi, wanda ya kalli tseren ƙasar Faransa a talabijin, bai kuwa yi la'akari da cewa masu tseren samari ne marasa tumbi da ake biya su jure azaba mako uku ba. Ya sauke kan kekensa ƙasa, ya ɗaga sirdi sama, ya tafi a duƙe, in wuya ya sage, yatsu suka mutu, sai ya ce sanyi ne ya kama shi, a nemo masa jiƙo.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai waswasi, domin shi ilminsa sahihi ne. Ya san Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci wannan tsere a 1986 da 1989 da 1990, ya yayata ƙa'idar auna tsawon ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa a ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisan sirdi daga tsakiyar gindin feda. To, ya jingina da bango ba takalmi, ya matse littafi tsakanin cinyoyi, ɗansa ya auna masa 80, ya sami 70.6; bayan sallar asuba ya sake awo ya ga saɓani, ya ɗauko sifana, har yau keke na zaure ana ta muraja'a.

Kai mai karatu, in ka je saye, tsaya da keken tsakanin ƙafafunka ka ga akwai ratar yatsu biyu tsakaninka da sandar firam, sa'an nan ka hau ka ɗora diddige bisa feda tana can ƙasa. In ƙafa ta miƙe ƙugu bai karkata ba, hannu kuma ya kai birki ba tare da miƙa ba, biya kuɗinka ka kama hanya.