Yatsa a Bango, Suruka a Bakin Ƙofa

Kunya ba za ta bar mai wannan rubutu ya ce "ni" ba, don haka mu kira shi maigida kawai. Magidanci ne a Gesse, cikin Birnin Kebbi, kuma abin ya faru ne ranar Asabar ɗin da ta wuce.

Wayoyi ne suka ja masa. A ƙarƙashin filasmar falonsa akwai wayar risiba, da wadda ta shigo ta taga daga tauraron ɗan'adam, da ta sitabilaiza, da cajojin mutanen gida, duk sun cukurkuɗe kamar homar da aka jawo daga kogin Matan Fada. Uwargida ta ga wata kanta marar ƙafa a Facebook, wadda ake kafewa a bango ta ɗauki risiba, wayoyi su ɓuya a bayanta. Kafinta ya ƙera, ya nemi kuɗin kafawa. Maigida ya ce rami huɗu ne fa, ya je ya aro injin huda bango. Ya kuma yanke shawarar kafa ta can sama, inda hannun yara ba ya kaiwa. Ya kife turmi ya hau, daga shi sai singileti da gajeren wando.

Gidajen unguwa irin Gesse da bulon siminti ake gina su, mai inci 6 ko inci 9, cikinsa kuma kogo ne. Kafin a yi filasta, ma'aikata kan sassaƙe bulon su binne bututun wayar lantarki da na ruwa. Shi ya sa mai sana'a ba ya huda saitin soket, kuma sai ya zagaya ya ga abin da ke bayan bango. Maigida ya kiyaye ta farko, har da yi wa uwargida bayani. Bayan bangon kuwa banɗaki ne.

Rami na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. A na uku injin ya yi wani irin laushi a hannunsa, sai ruwa ya feso masa tsakanin ido da ido. Tankin gidan lita 2,000 yake ci, wato tan biyu na ruwa, yana zaune a kan ƙarfe mai tsayin mita 6, kuma da asubar nan aka cika shi. Maigida ya yar da inji, ya danna ɗan ali a ramin. Uwargida ta ruga ta kashe wutar gidan.

A daidai nan aka yi sallama.

Inna ce, mahaifiyar uwargida, daga Argungu, da kwandon busasshen kifi. A bayanta ga Baba maƙwabci, wanda ya taya ta ɗauko jaka daga bakin titi.

To, kowa ya san yadda ake gaida suruka a ƙasar Kabi: a durƙushe, kai a ƙasa, da riga a jiki. Maigida yana kan turmi, hannu a sama kamar mai rantsuwa, ruwa na bin damtsensa yana gangarowa ta hammata. Amma tarbiyya ba ta shawara da mutum. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe da kansu, yatsa ya zame, ruwa ya tsallake falo ya sauka a kan mayafin Inna. Ya miƙe da sauri ya toshe.

"Inna, sannu da zuwa."

"Yawwa," in ji ta, idonta a kan tabarma.

Da gaisuwar Bature ce da an gama. Tamu kuwa akwai hanya, akwai gajiya, akwai mutanen gida. "Ya hanya?" Ya durƙusa, ruwa ya tafi. "Ya su Baba?" Ya durƙusa, wannan karon kwandon kifi ya samu rabonsa. Sau uku cur. Abin da ya fi ci masa rai har yau shi ne Inna ba ta matsa ba, ba ta ɗaga kai ba, kowace gaisuwa ta amsa ta da "lafiya lau" ruwa na ɗiga daga haɓarta.

Baba ya aje jaka, ya gyara hula, ya samu kujera.

"Wanga ba komi ba ne, yaro. Mu can in jirgi ya huje, tsumma muka cusawa." Aka kawo tsumma, ruwa ya tofo shi. "To a kawo sabulu." Sabulu ya yi kumfa, falo ya ɗau santsi. Baba ya karkata kai ya daɗe yana nazari, sannan ya gano bakin zaren: "Yatsan ne ba daidai ba. Sa babban, shi ya hi ƙarhi." Daga nan ya shiga tarihi, yadda aka fara bikin kamun kifi a 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, da yadda masunta kan kwanta a kan gora su ratsa kogi ba wanda ya yi raki. Ya rufe da lallashi: "Ka yi ta riƙo. Tanki ai ba gulbin Rima ba ne, shina ƙarewa."

Gaskiya maigida ya ji daɗin wannan shawara, don ita kaɗai ce ba ta buƙaci ya motsa ba.

Sai Inna ta yi magana a hankali, ba da shi ba, da ɗiyarta: "Tankin naku ba shi da makulli?"

Yana da shi. Ja ne, a gindin tanki, taku goma daga ƙofar kicin.

Mai gyaran famfo ya fasa bangon ya ɗaura sabon bututu, ya karɓi ninki uku na abin da kafinta ya nema. Kantar na jingine a bayan kujera, wayoyin na nan yadda suke. Yaran layin kuma, da izinin Baba, sun naɗa maigida Sarkin Ruwan Gesse.